Motar Emil Ba Ta Taka Gishiri

A garinmu, can arewa maso gabashin Ohio, ba a duba kalanda don a san hunturu ya shigo. Ranar da motocin hukuma suka fito suna watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, ranar ce. Daga nan sai ka ji ƙofofin gareji suna rufuwa unguwa-unguwa, duk mai tsohuwar motar da yake ji da ita ya kulle abarsa, ba za a sake ganinta ba sai ruwan bazara ya wanke kwalta tas. Gishirin nan mugun abu ne. Yana shiga ƙarƙashin mota ya lafe inda ido ba ya kaiwa, ya yi ta cin ƙarfe a hankali, sai wata rana bakanike ya soka sukudireba ya ga ta wuce. Kowa yana tsoronsa, amma babu wanda ya kai Emil Banik.

Uban Emil a masana'antar ƙarfe ya ƙare rayuwarsa, haka kakansa da ya zo daga Slovakia. Shi ma yana gama sakandare ya bi sahu, ya tsaya gaban wutar narkar da ƙarfe. A shekarar 1967 ya ga motar a bayan gilashin dillali, Corvette shuɗiya mai kujera biyu, mai dogon hanci, ta kwanta ƙasa-ƙasa. Ya tsaya yana kallonta har ya makara aiki. Daga nan ya shiga karɓar aikin Asabar da Lahadi da kowa ke gudu, ya daina shan barasa, ya daina zuwa kallon ƙwallo, har ya mallake ta. Bai cika ashirin da biyar ba a lokacin, kuma in za a faɗi gaskiya, daga ranar ya gama zaɓen abin da zai yi da rayuwarsa.

Jikin irin wannan motar ba ƙarfe ba ne, ba ya tsatsa. Amma ƙashin da ke ƙarƙashi, wanda ya ɗauke komai, ƙarfe ne zalla, kuma a nan hankalin Emil ya tare. Wasu su goge fenti su yi ta walƙiya a gari, shi kuwa yana kwance da bayansa a siminti da tocila a baki, yana bin kowace kusurwa da tsumma. Da aka rufe masana'antar, garin ya durƙushe, mutane suka sayar da abin da suke da shi suka kama hanyar kudu. Emil ya sayar da bindigar farautar ubansa, ya sayar da ɗan jirgin kamun kifinsa, ya kama aikin shara da gadi a makarantar firamare. Matarsa Verna ta shiga gidan burodi tana tashi da asuba. Mai saye ya zo har ƙofar gida yana tambayar motar, Emil ya ba shi kofi ya raka shi bakin titi.

Verna mace ce mai haƙuri da kaifin baki. Takan ce motar ba ta da labarin an haifi 'yarsu Noreen, tun da har yanzu kujera biyu gare ta. Ranar Lahadi bayan coci, in za a fita shan iska, dole ɗaya ta zauna a gida, ko uwar ko 'yar. Wadda ta samu shiga kuwa ba ta tsira ba: a kakkaɓe takalmi, kada a buga ƙofa, kada a jingina gwiwar hannu a fenti, kada a shigo da abin ci. A hankali duk su biyun suka gane zaman gida ya fi daɗi. Emil bai ga wani abu a ciki ba, ya ci gaba da fita shi kaɗai, yana ɗaga wa mutane hannu. Kujerar direba kuwa, ban da shi babu mahaluƙin da ya taɓa zama a kanta.

Noreen ta girma tana kallon ƙafafun ubanta suna leƙowa daga ƙarƙashin mota. Ba ta taɓa roƙonsa komai game da ita ba sai sau ɗaya. Da za ta yi aure, farkon Afrilu, ta ce tana so ya kai ta coci a ciki. Emil ya fita ya durƙusa a titi ya shafa kwalta da yatsa, ya ɗanɗana, ya dawo ya ce ruwan da aka yi bai isa ba, da sauran gishiri. Verna ta yi masa tatas a kicin, maƙwabta suna ji, shi kuwa ya ƙeƙasa ƙasa. A motar kawun ango aka kai amarya. Auren bai yi ƙarko ba, amma Noreen ba ta dawo garin ba, ta zauna a Columbus tana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta. Takan zo Kirsimeti, ta kwana biyu, ta koma.

Abokan Emil na gaskiya su ne 'yan ƙungiyar tsofaffin motoci, masu haɗuwa kowace safiyar Asabar a wani gidan shan kofi kusa da tsohuwar ƙofar masana'anta. Da rani su jera motocin a waje su buɗe bonet, da hunturu su zo a akori-kura su zauna suna musu a kan inji. Suna da al'ada ɗaya da suke girmamawa fiye da wa'azin fada a coci. In ɗayansu ya mutu, ranar jana'iza motarsa ce ke shiga gaba, ɗansa ko 'yarsa a sitiyari, sai motar gawa, sai sauran motocin ƙungiya a jere da fitilu a kunne, daga coci har maƙabarta. A bakin ƙofar maƙabarta a tsaya, kowa ya taka totur sau ɗaya, ƙarar ta cika gari. Emil ya raka mutane da yawa haka, kuma duk lokacin sai ya share ido. Ya sha faɗa cewa shi bai damu da furanni ko waƙar coci ba, wannan rakiyar kaɗai yake so.

Dokar gishiri kuwa shi ya kafa ta. Shekarun baya, Leland Toth, abokin aikinsa tun gaban wuta, ya faɗi ya mutu a tsakiyar Janairu. Matarsa Irma ta zo gidan kofin da kanta, da baƙin gyale, ta roƙi a yi wa mijinta rakiya. Mutane suka yi tsuru-tsuru suna kallon kofunansu. Emil ne ya buɗe baki ya ce titi fari fat yake, Leland da kansa ba zai yarda a fito da mota a wannan hali ba, kuma zai fahimta. Sauran suka ji daɗi an faɗa musu abin da ke ransu. Aka raka Leland a motocin zuwa kasuwa. Daga nan ya zama doka, wanda ya mutu cikin gishiri ya yi rashin sa'a. Irma ba ta sake amsa gaisuwar Emil ba, ko a coci. Daga baya Verna ta rasu a wani watan Yuli, lokacin da babu gishiri, amma ita ba 'yar ƙungiya ba ce, ba ta da motar da za ta shiga gaba.

Ya haura saba'in da biyar lokacin da tari ya kama shi ya ƙi saki. A ƙarshen Nuwamba, bayan ya riga ya ɗora motar a kan jak guda huɗu, ya cire batir, ya lulluɓe ta, ya je asibiti ya ji sakamako. Likitar matashiya ce, ta yi ta zagaye-zagaye tana maganar huhu da shekarun da ya yi yana shaƙar ƙurar masana'anta. Emil ya katse ta. Bai tambaye ta ko akwai magani ba.

"Zan kai Afrilu?"

"Ba zan yi maka alkawarin Afrilu ba," in ji ta.

Ya dawo gida ya zauna a gareji a kan kujerar roba, yana kallon tamfol ɗin da ya lulluɓe motar da shi. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, kuma ba tsoron mutuwa ba ne. Ya ga kansa a cikin akwati ana tafiya da shi shiru, babu ƙarar inji ko ɗaya. Abu biyu suka tsaya masa: lokacin, da kuma direba. Ko da Allah ya kai shi bazara, jininsa ɗaya ne a duniya, kuma ba ta taɓa riƙe sitiyarin motar ba, don shi ya hana.

Noreen ta ɗauki hutu ta zo jinya. Ta yi furfura a gefen kai, ta yi jiki, ta ɗauko bakin uwarta. Ta gyara gidan, ta jera magunguna, ta dafa masa miyar kabeji irin ta Verna. Ya yi ta kame-kame kwana da kwanaki kafin ya furta, wata safiya suna karin kumallo.

"Ina so ki koyi tuƙa ta."

Ta ajiye cokali. "Baba, na wuce hamsin. Kullum bas cike da 'ya'yan mutane nake ja. Sai yau ka ga na isa?"

"Bas ɗinki ita ke canja wa kanta giya. Wannan mota ce."

"Kuma don me zan koya?"

"Kin san don me."

Ta sani. Ta dube shi ta ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa, sai maganar da ta zo bakinta ta koma. Ta ce to.

Sai dai fa titi ya riga ya yi fari, kuma Emil ba zai sauke mota ba. Don haka a sama aka fara karatu. Ya mayar da batir, ya ɗaga ƙofar gareji rabi don hayaƙi ya fita, ya shimfiɗa tawul a kujerar direba, ya sa Noreen ta cire takalman sanyinta ta sa na cikin gida. Ta hau motar da ke tsaye a kan ƙarafa, tayoyi suna lilo. Shi kuma ya ja kujerar robarsa ya zauna gefen taga, lulluɓe da bargo, yana ba da umarni. Taka kuloci har ƙasa. Giya ta ɗaya. Saki a hankali. A hankali na ce. Tayoyin baya su yi ta juyawa a iska, injin yana ruri, gwangwanayen fenti suna rawa a kan kanta, mota ba ta je ko'ina ba.

Duk lokacin da giyar ta yi ƙara, sai Emil ya runtse ido kamar haƙorinsa aka taɓa. Ya ce tana da hannun mai fasa itace. Ya ce mota ba bas ba ce, lallashinta ake yi. Tari ya sarƙe shi, ya huta, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Noreen ta haɗiye rana ta ɗaya, ta haɗiye ta biyu. Wata rana ta kashe injin ta zauna riƙe da sitiyari, ba ta kalle shi ba.

"Ka san tun ina yarinya nake son in zauna a nan? Yanzu ga ni, kuma ji nake kamar in fasa gilashin."

Emil ya ce gilashin na asali ne, ba a samun irinsa. Bai faɗa don zolaya ba, abin da ya zo masa ke nan. Ta fita ta bar shi, ta buga ƙofar motar da ƙarfinta. Ya zauna cikin sanyi yana jin ya yi wani kuskure, amma bai gano a ina ba. Washegari ta dawo da takalman cikin gida a hannu, ba wanda ya tayar da maganar.

Milt Szabo ne ya same su a haka wata Asabar, bayan an tashi daga gidan kofi. Tsohon wanzami ne, ɗan ƙungiyarsu mai jar mota Mustang, mutumin da ba ya iya ganin abu ya yi shiru. Ya sunkuyo ta ƙarƙashin ƙofa, ya tsaya yana kallon tayoyi suna gudu a iska, ya ce ya ga hauka iri-iri a ƙungiyar nan amma wannan ya ci kofi. Ya tambayi Noreen ko sun kusa isa Cleveland. Ta yi dariya, karo na farko tun zuwanta. Da ta shiga ɗauko kofi, Milt ya juya wani bokiti ya zauna kusa da Emil, ya daina wasa.

"Mun yi magana yau. In abin ya zo kafin ruwa, za mu fito da su. Da gishiri ko ba gishiri."

Emil ya ɗago ya dube shi. "Ni da na hana a yi wa Leland?"

"Kai ka faɗa, mu muka bi. Ba wanda ka ɗaure wa ƙafa. Ni dai tun ranar ban iya haɗa ido da Irma ba, kuma na gaji." Ya buga masa gwiwa. "Kai dai ka tabbata taka ta shiga gaba, tsohon banza. Mu ba ma bin motar gawa kawai."

Hawaye ya zo wa Emil, ya fake da tari. Ya ji daɗi har cikin ransa, ya ji kunya kuma. Amma kafin Milt ya tafi sai da ya riƙe masa hannun riga ya ce in sun fito, kowa ya wanke ƙarƙashin motarsa da ruwan ɗumi a ranar, kada a bari ya kwana. Milt ya girgiza kai ya ce Allah ya shirye shi.

Daga nan sai ya zama babu abin da ya rage tsakaninsa da rakiyarsa sai Noreen ta iya. Janairu ya wuce, Fabrairu ya shigo da dusar ƙanƙara har gwiwa. Emil ya fara tafiya da tulun iskar numfashi, daga gado zuwa gareji sai ya tsaya ya huta a hanya. Kowace safiya yakan sa a buɗe masa labule ya duba titi, ya saurari hasashen yanayi kamar mai jiran sakamakon shari'a. Motocin gishiri suna wucewa da fitilarsu mai launin lemo, shi kuma yana binsu da ido yana zagi ƙasa-ƙasa. Ya daina cin abincin kirki. Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa gida ta ja Noreen gefe ta ce ta kira duk wanda ya kamata a kira.

Noreen ta riga ta iya sa giya huɗun ba tare da ƙara ba, amma ta san wannan ba tuƙi ba ne. Mota a sama ba ta da nauyi, ko yaya ka saki kuloci ba za ta mutu ba. Ta faɗa masa haka a farkon Maris, wata rana da rana ta fito, dusar ta fara narkewa tana gudu a gefen titi. Ta ce in bai bari ta taka ƙasa da ita yanzu yana raye ba, ranar da ake bukata za ta kunyata shi a ƙofar coci, motar ta yi ta mutuwa mutane suna kallo. Ta ce kuma tana so ta kai shi ko zagaye ɗaya ne, ya ji yadda take tuƙi. Emil ya rufe ido har ta ɗauka barci ya kwashe shi. Can ya ce a kira Milt.

Milt ya zo ya sauke motar daga kan jak, taya bayan taya. Su biyu suka tallabo Emil suka zaunar da shi a kujerar fasinja, tulun iskar a tsakanin ƙafafunsa. Fiye da shekara hamsin yana da motar, bai taɓa ganin cikinta daga wannan gefen ba. Ya ga ashe daga nan ba a ganin agogon gudu sosai, ya ga inda hannun Verna ya ɗan koɗar da fatar ƙofa. Da yake kullum da baya yake shigar da ita, hancinta waje yake kallo. Milt ya ɗaga ƙofar gareji har sama, haske ya faɗo a kan shuɗin fentin.

Noreen ta saki kuloci, motar ta zabura ta mutu. Ta sake, ta sake mutuwa. Emil bai yi faɗa ba, ba shi da numfashin yi. Ya ce da ita ƙasa-ƙasa ta saurari injin, zai gaya mata lokacin. A karo na gaba motar ta ɗaga hanci kaɗan ta mirgina, ta fito daga gareji, ta bi simintin ƙofar gida da Milt ya share ya wanke. Emil ya ji ta a ƙarƙashinsa tana tafiya, 'yarsa a sitiyari, ya ji wani farin ciki ya lulluɓe shi. Ya juya ya kalli Noreen, ya ga ta cije leɓe kamar yadda take yi tana ƙarama in tana koyon rubutu.

Sai suka iso bakin titi. Kwaltar ta jiƙe da ruwan ƙanƙara mai launin toka, gefe da gefe gishiri ya bushe ya yi fari. Wata akori-kura ta wuce ta watsa ruwan har kusa da hancin motar. Emil ya kalli ruwan. Ya san inda zai shiga, ya san kowane lungu da kowane rami a ƙashin motar nan fiye da yadda ya san fuskar kowa, kuma ya san akwai wuraren da ko ruwan ɗumi ba ya kaiwa. Hannunsa ya kai kan na Noreen kafin ya yi tunani.

"Tsaya."

Ta taka birki da kuloci. Saura taku ɗaya tayoyin gaba su taɓa kwalta.

"Baba, zagaye ɗaya ne. Ni da Milt za mu wanke ta."

"Mayar da ita."

"In ba mu je yau ba, babu wata rana. Ka sani."

"Na sani." Yana haki. "Ba zan iya ba, Noreen. Mayar da ita."

Ta daɗe tana kallon titin. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce ai bai koya mata ribas ba. Gaskiya ne, duk watannin nan a sama bai tuna ba. Ya ɗora yatsunsa masu sanyi a kan nata, ya nuna mata wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashin kan giyar da ake ɗagawa da yatsu biyu, suka tura tare. Ta waiwaya, ta saki kuloci, motar ta koma da baya sumul, ba ta mutu ba, ba ta karkace ba, har cikin gareji daidai inda ta saba tsayawa. Milt yana tsaye gefe da hularsa a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Kin iya," in ji Emil.

Ta kashe injin. Suka zauna cikin warin fetur, ƙarfen injin yana ɗan ƙara yana hucewa.

"In abin ya zo kafin ruwa," ya ce, "ki bar ta a rufe."

"Ka tabbata? Abin da ka ce kana so ke nan duk rayuwarka."

"Ki bar ta a rufe."

Ta ce to. Shi kuma ya zauna yana jin abin da ya yi, sarai, ba wanda ya tilasta shi. An ba shi duk abin da ya roƙa, abokai sun yafe masa dokarsa, 'yarsa ta ajiye fushin shekaru ta koyi abin da ya hana ta, shi kuma ya mayar da su da hannunsa. Ya ji baƙin ciki mai nauyi, amma a ƙarƙashinsa akwai wani sauƙi da ya kasa ƙaryatawa, cewa tayoyin ba su taɓa ba. Ya roƙi Milt ya mayar da ita kan jak kafin ya tafi.

Bai sake shiga gareji ba. Ya rasu a tsakiyar Maris, da hantsi, Noreen tana riƙe da hannunsa, ana yayyafin dusar ƙanƙara a waje. Ana gobe jana'iza da dare Milt ya kira ta ya ce motocinsu a shirye suke, an sa batir, an hura taya, kalma ɗaya suke jira. Ta ce ta gode, amma ya bar wasiyya. Tun da ba motar da za ta shiga gaba, babu layin da za a bi. Aka raka Emil Banik a akori-kura da motocin zuwa kasuwa, aka shiga ƙofar maƙabarta shiru. Irma Toth ta zo, ta tsaya can baya, ta rungumi Noreen bayan an gama, ba ta ce komai game da mamacin ba.

Noreen ta zauna har Mayu tana kwashe kayan gida. Motar ta sa a kasuwa, don ba ta da gareji a Columbus, kuma ko tana da shi ba ta so. Wani mai tara tsofaffin motoci ya zo daga wata jiha da babbar motar ɗaukar kaya rufaffiya. Bai ko tayar da injin ba. Ya shimfiɗa kwali a ƙasa ya shige ƙarƙashi da tocila, ya daɗe a can, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Noreen tana tsaye da makulli a hannu tana jira.

Da ya fito fuskarsa cike take da murna. Ya ce ya shiga ƙarƙashin irin wannan motar ba iyaka, bai taɓa ganin mai tsabtar ciki kamar wannan ba, kuma a ƙasar gishiri. Babu ɗigon tsatsa ko ɗaya. Ya kakkaɓe wandonsa yana girgiza kai.

"Gaskiya babanki ya so motar nan."

"Ya so ta," in ji Noreen.

Ta miƙa masa makullin, ta shiga gida, ba ta tsaya ganin yadda za a loda ta ba.